Sikelin Labo

Ni ne Nomau mai awo.
Shekara arba'in da ɗaya ina tsaye a gindin sikeli,
sai yau jikanyar maigida ta ce in ba ta tarihi,
wai za a rubuta a allon ƙofa.

Rubuta, Tsahara: kakanki Labo ba da ƙofa ya fara ba.
Da jaki ya fara, da mangala, da murya.
Shekarun da gujiya ta ƙi,
rumbunan Maraɗi suka yi hamma,
motocin ɗaukar buhu suka durƙusa bayan tasha
kamar raƙuman da ayari ya manta,
ya zagaya ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya ce:
wannan mushen da sauran nama.

An yi masa dariya a Bagalam.
Ɗan manomi ya koma tonon juji!
Ya ce juji ma gona ce, kuma ba ta jiran damina.

Ya bi Tibiri, ya bi Madarumfa,
yana ba mata gishiri da sabulu,
suna ba shi tukunyar da ta huje,
kwanon da ya gaji, ƙafar keken ɗinki.
Da la'asar maƙera su tsuguna su zaɓa.
Sifirin mota ya koma gatari,
ganga ta koma murhu,
fistan ya narke a cikin yashi, ya tashi tukunyar suna.

Sai wannan sikeli.
A kantin gujiyar da aka rufe ya saye shi, jaka uku da rabi.
A kansa aka auni noman ubansa damina goma sha biyu.
Daren nan ya kwance shi a gabana,
ya zaro wata ƴar dalma da aka liƙe a ɓoye,
ba ta kai ƙwayar goro ba.
Ya daɗe yana juya ta a tafin hannu.
Ga ta can rataye bisa kaina,
ita kaɗai ce a gidan nan ba ta da farashi.

Kada ki rubuta cewa hanya ta miƙe.
Shekarar da sefa ta karye mun yi wata uku
muna cin bashin mai tuwo.
An rufe iyaka a Ɗan Isa, ƙarfe ya taru ya fi katanga,
ruwa ya doke shi, tsatsa ta yi ja har bakin titi.
Wannan yatsan kuwa ƙofar tifa ce ta ci shi,
na yafe mata, ta yi kilo tamanin.

Wata rana samari suka kawo hannun famfo,
da sauran laima a jikinsa.
Labo bai yi faɗa ba.
Ya sa su a mota, su da kayansu,
har ƙauyen da mata ke tsaye da tulu babu ruwa,
ya miƙa musu sifana.
Ɗayansu ne yanzu shugaban direbobinki. Ban faɗi suna ba.

Yau kuwa ki duba.
Inji yana dunƙule mota kamar curin fura,
tirela tana hawa sikelin da ke kwance a ƙasa,
lamba ta fito da ja, ba a tambayi idona ba.
Mutum saba'in ke wanke hannu a nan da azahar.
Labo bai ga injin ba.
Da ya gani, zai ƙwanƙwasa shi ya kasa kunne.

To, abin da na riƙe ke nan.
Allon naki na ƙarfe ne? Madalla.
A sa mai kauri.
Duk abin da ya fita ƙofar nan yana dawowa,
kuma ba na son ranar da aka ɗora shi
a ce sunan Labo bai yi nauyi ba.